Masai, rijiya da famfo a gidan bakin gulbi: ka auna ruwan ƙasa kafin ka haƙa komai

Bara waccan, a ƙarshen Satumba, wani dattijo ya aiko jikansa da mashin ya ɗauke ni zuwa ƙauyensu da ke gefen gulbi, ƙasa da Yelwa. Tun daga zaure wari ya tarbe ni. Sabon banɗaki ne 'ya'yansa suka gina masa, da tayil da masai na zama irin na birni, bai cika wata shida ba. Yanzu in an zuba ruwa sai ya tsaya cak, wani lokacin ma ya dawo da abin da aka tura.

Ya ce, "Ɗana, duba min. Na ce toshewa ya yi, yara sun zura sanda har sun gaji."

Na ce, "Baba, yaushe aka haƙa sokawen, ramin da ƙazantar ke zuba a ciki?"

"Da bazara. Ƙafa goma sha biyu, ko danshi ba mu gani ba."

Ban taɓa masan ba. Na roƙe shi ya nuna min rijiyarsa. Da na leƙa, ruwa bai fi ƙafa huɗu daga doron ƙasa ba, har mace za ta iya ɗiba da kwarya in ta sunkuya da kyau. Ke nan ramin da aka haƙa ƙafa goma sha biyu, takwas daga ciki suna nutse a ruwan ƙasa. Babu abin da ya toshe. Ramin ne ya cika da ruwan da ya taso daga ƙasa, ƙazanta kuwa ba ta da inda za ta tsotse. Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne tsakanin ramin da rijiyar taku tara ne kacal, kuma daga rijiyar nan jikokinsa ke sha.

Shekara goma sha tara ke nan ina aikin famfo tsakanin Yauri, Shanga da Ngaski, daga Zamare har Wara, kuma rabin kiran da ake yi min da damina irin wannan ne. Hausawa na cewa ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba. Mu nan bakin gulbi ko ba ka tona ba zai zo ya same ka. Tun da aka kammala madatsar Kainji a 1968, gulbin Neja da ke gabanmu ya zama kan tafki. Yana ja da baya da bazara har farkon damina, ya dawo da ƙarfi daga ƙarshen Agusta, sannan da sanyi ruwan da ya taso daga Gini ya ratso Mali da Nijar ya iso ya riƙe shi a cike. Ruwan da ke ƙarƙashin gidajenmu yana bin sawun wannan hawa da sauka. Mu kuma yawanci da rani muke gini, lokacin da aka sayar da shinkafa da albasa kuɗi suka shigo hannu, ƙasa ta bushe, ruwa ya yi nisa. Sai mu auna komai da abin da idonmu ya gani a ranar.

Don haka aikin farko ba na mai famfo ba ne, naka ne kai maigida, kuma ba ya cin ko kwabo. A ƙarshen Satumba ko farkon Oktoba, ka zura igiya a rijiyarka ko ta maƙwabci, ka ƙulla ta daidai inda guga ya taɓa ruwa. A ƙarshen Afrilu ko cikin Mayu ka sake, ka yi ƙulli na biyu. Ƙullin farko shi zai gaya maka iya zurfin da za ka haƙa masai da sokawe. Na biyu shi zai gaya maka inda za a rataye injin jan ruwa. Sannan ka tambayi tsofaffin unguwa inda ambaliyar 2012 da ta 2020 da ta 2022 suka tsaya. Sau da yawa ma ba sai ka tambaya ba, za ka ga layin a jikin katangar masallaci ko ta makaranta. Duk abin da ba ka son ruwa ya shiga, bakin rijiya ne ko murfin tankin masai ko injin lantarki, to ya zauna sama da wannan layi.

Bari in daɗe a kan masai, domin a nan ne kuskure ke kai mutane asibiti.

Ƙa'ida biyu ce ma'aikatan lafiya ke bayarwa, kuma na ga amfaninsu da idona. Ƙasan ramin ƙazanta ya kasance aƙalla mita ɗaya da rabi sama da inda ruwan ƙasa ke kaiwa in ya cika, wato kamar ƙafa biyar. Tsakanin ramin da rijiyar sha kuma a samu mita 30, rijiyar tana ta tudu, ramin yana ta gangare. Busasshiyar ƙasar da ke tsakani ita ce matata, ita ke riƙe ƙwayoyin cuta su mutu kafin su isa ruwa. In ramin ya nutse cikin ruwan ƙasa, matatar ta tafi, kuma a yashi irin namu ƙazanta na tafiya da sauri. Daga nan amai da gudawa da taifot ke shiga gida, a yi ta zargin abinci ko sauyin yanayi.

Na san gidaje da yawa ba su da filin mita 30, kuma shaddar maƙwabci ma tana cikin lissafi, ruwan ƙasa bai san katanga ba. In haka ne, a faɗa wa juna gaskiya: wannan rijiyar ta wanki ce da wanka da ban ruwan dabbobi. Na sha kuwa a tafasa, ko a sa masa maganin kulorin, ko a ɗebo daga burtsatse mai zurfi.

To, in ruwa na kaiwa ƙafa huɗu ko biyar, ina za a kai ƙazanta? A nan tazarar ƙafa biyar ɗin ba za ta samu ba, don haka sama za a yi, ba ƙasa ba. Mai shaddar gargajiya ya haƙa kaɗan, ƙafa biyu ko uku, ya faɗaɗa, sannan ya ɗaga ginin da bulo ƙafa uku ko huɗu sama da ƙasa, ya shafe da siminti, ya tara ƙasa a kewaye ya daddale, ya yi matakala. Ga tsoho ko mai ciwon ƙafa a sa ƙarfen dafawa. Mai masan ruwa kuma abu biyu yake bukata, kuma magina da yawa suna haɗe su su kira duka sokawe. Na farko tanki ne mai ɗaki biyu wanda ba ya yoyo ko kaɗan, inda ƙazanta ke kwanciya ta ruɓe. A gina shi da bulo inci tara a cike ramukansa da kankare, a zuba daɓe mai kauri, a shafe ciki da waje. Kafin a rufe shi, ka sa a cika shi da ruwa ka yi alama, ka dawo washegari. Sabon siminti zai sha kaɗan a daren farko, amma in a dare na biyu ma ya ci gaba da sauka, yana yoyo, kada ka biya cikon kuɗi sai an gyara. Tankin da ruwa ke fita daga cikinsa da rani, ta nan ruwa zai shigo masa da damina.

Na biyu shi ne inda ruwan da ya tace daga tankin zai tsotse. A tudu rami mai zurfi ake yi. A wurinmu doguwar kwata mara zurfi ta fi. A haƙa kamar ƙafa biyu, a shimfiɗa tsakuwa, a kwantar da fayif inci huɗu da aka huhhuda gefensa na ƙasa, a ƙara tsakuwa, a rufe da tsofaffin buhuna don kada ƙasa ta cike tsakanin duwatsun, sannan a mayar da ƙasa. In wurin ya yi kwari sosai, sai a yi cikon yashi a ɗaga shi kamar kunyar dankali. Kada a daɓe samansa da siminti, kada a ɗaure shanu a kai, kada a dasa mangwaro ko dalbejiya kusa, saiwarsu na bin danshi har cikin fayif.

Ra'ayina kuma, ko da wasu ba za su so ba: a gidan bakin gulbi masan tsuguno da ake kora wa ruwa da bokiti ya fi na zama mai tanki a baya. Na zama yana zubar da lita shida zuwa tara duk ja ɗaya, na tsuguno lita biyu ko uku sun isa. Gida mai mutum goma sha biyar, ka lissafa bambancin a yini, duk kuma cikin ƙasar da ta riga ta ƙoshi za shi. A bar na zama guda ɗaya don tsofaffi da marasa lafiya. Ruwan wanka da na wanke-wanke ma kada a haɗa su da tankin masai, a ba su tasu hanyar daban, a sa 'yar raga a bakin rariya ta tare ƙwayar shinkafa da ƙayar kifi da gashi.

Wani abu da nake roƙon mutane a kai kowace shekara: kada a kwashe tankin masai lokacin da ruwa ya cika ƙasa. Hankali na cewa ya cika, a kira masu kwasa. Amma tankin da babu komai a cikinsa, ruwa kuma na matsa shi ta ko'ina, kwale-kwale ne. In na roba ne zai taso ya tsinke fayif, in na bulo ne bango na iya ruftawa ciki. Ko an kwashe ma, kwana biyu ya sake cika. A rage zuba ruwa, a jira, a kwashe da rani. Kada a zuba kananzir ko baƙin mai wai don kashe wari, suna kashe ƙwayoyin da ke ruɓar da ƙazantar, kuma ƙarshensu rijiya. Famfas ɗin yara da audugar mata da leda ba su ruɓewa, ba wurinsu ba ne. Kuma don girman Allah kada a tura yaro ko lebura cikin tankin. Iskar da ke ciki na sumar da mutum kafin ya yi ihu, wanda ya bi shi ceto shi ma ya faɗi.

Ta yaya za ka bambance toshewa da cikar rami? Ka buɗe camba, 'yar akwatin siminti da ke kan hanyar fayif, wadda ta fi kusa da tanki. In ka same ta a bushe alhali masai ya ƙi wucewa, toshewar tana tsakaninta da banɗaki, sandar zura ko doguwar waya za ta fitar. In ka same ta cike, matsalar na gaba, a tanki ko a ƙasa. In kuma abin da damina kawai yake zuwa ya tafi da kansa, ba sai ka kira kowa ya fasa maka tayil ba. Wanda zai shimfiɗa sabon fayif ya ba shi gangare inci uku a kowace ƙafa goma, ya sa camba a duk inda hanya ta karya kwana, ya fitar da fayif ɗin iska sama da rufi, a ɗaure bakinsa da ragar sauro. Wari a banɗakin da ba a cika shiga ba, musamman da hunturu, yawanci ruwan da ke kwance a lanƙwasar fayif ne ya ƙafe. Zuba bokiti guda ya wadatar.

Sai rijiya. Bakinta ya kai ƙugu, a zagaye ta da daɓen siminti kamar taku biyu mai gangarowa waje, a yi mata murfi, a ware mata guga ɗaya da ake ratayewa, ba kowa ya zo da nasa daga ƙasa ba. Burtsatse kuma fayif ɗin bakinta ya fito sama da layin ambaliya, a rufe shi ruf, kuma tun wajen haƙa ka tsaya a kan masu aikin su zuba siminti a kewayen fayif ɗin daga sama zuwa 'yan mitoci. In ba su yi ba, ruwan saman ƙasa zai bi jikin fayif ya gangara har inda kake sha. Tun ran gini tun ran zane, bayan sun naɗe kayansu ba ya gyaruwa da sauƙi.

In ambaliya ta hau kan rijiya, ko ruwan ya koma garau kada a sha. A jira ruwan waje ya janye, a kwashe ta da injin ban ruwa, a kwashe laka da shara, a goge bango. Injin ya tsaya a waje, nesa da baki, iska na kaɗa hayaƙinsa gefe. Kada a taɓa saukar da shi ciki, kada kuma mutum ya shiga yana aiki, hayaƙin fetur a rami kisa yake yi shiru. In ta sake tara ruwa, sai a zuba bilic na wanki, irin Hypo ko Jik, farar da ba ta da turare. Rijiya mai faɗin mita ɗaya tana ɗaukar kusan lita 800 a kowace mita ta zurfin ruwa. Bilic mai ƙarfin kashi 3.5 cikin ɗari, lita ɗaya da rabi ta isa ruwa lita 1000. A dama shi a bokiti tukuna, a zuba, a motsa da guga, a rufe ta kwana ta yini, sannan a yi ta kwasa har warin ya tafi. A gaya wa matan gida da yara tun kafin a fara, kada wani ya ɗiba a tsakani. Wannan ruwan kwasar kada a kora shi kududdufin kifi ko gulbi.

Koke na biyu da na fi ji daga mata yake zuwa. "Malam, ruwan nan ya ɓata min fararen kaya, tukwane duk sun yi ja." Gwajin mai sauƙi ne. Ki tari ruwa a farin bokiti kai tsaye daga inji, ki ajiye ya kwana. In ya fito garau, da safe ya koma ruwan ƙasa-ƙasa da jan gari a gindi, sinadarin ƙarfe ne. A ƙarƙashin ƙasa narke yake, sai ya sha iska ya zama tsatsa. In tun farko a gurɓace ya fito ya kwanta daga baya, laka ce. In yana warin ruɓaɓɓen ƙwai, iska ce daga ruɓaɓɓen ciyayi da ke binne a ƙasar fadama. Ƙarfen ba shi ne ke kwantar da mutum ba, ɓarnarsa a kaya take da ɗanɗano da toshe fayif.

Maganinsa shi ne a ba shi iskar da yake nema tun kafin ya shigo gida. A sa kan shawa ko fayif mai huji a bakin da ruwa ke zuba cikin tanki, ya riƙa watsuwa maimakon ya zuba dunƙule. A cika tanki da yamma ya kwana. Bakin da ke kai ruwa gida ya ɗaga kamar taƙi ɗaya daga gindin tanki, a can ƙasa kuma a sa wani bawul na zubar da gurɓi, a buɗe shi duk Juma'a har ruwan ya fito fari. Wanda ke da hali ya yi tanki biyu, ɗaya na kwanciya ɗaya na sha, da durom na tsakuwa da yashin gulbi wankakke da gawayi a tsakaninsu. Iskar nan tana rage warin ƙwan ma. Laka kuwa alif na kwantar da ita, haka garin 'ya'yan zogale. Sai dai ruwa ya yi haske ba ya nufin ya tsarkaka daga cuta.

Irin wannan ruwa da danshin wurinmu ba su barin fayif ɗin ƙarfe. Na sha yanko wanda cikinsa ya cushe har tsinken tsintsiya ba ya wucewa. A yi amfani da PPR, koren nan da ake haɗawa da injin zafi, ko PVC mai kauri na matsin ruwa. A kula, akwai siririn PVC na wayar lantarki da na ruwan datti, wasu na saka shi a layin tanki don araha, wata uku ya tsage. Kan famfo ma a ɗaga a ji nauyi, na tagulla ya fi farin nan mara nauyi da ke karyewa a wuya. Araha ba ta ado.

Da bazara matsalar juyewa take yi. Ruwa ya yi ƙasa, sai ka ji famfo na tari, yana fitar da ruwa da iska a guntule. Ka kashe inji nan take. Sumo, injin da ake nutsarwa cikin rijiya, ruwan da yake ja shi ke sanyaya shi, in ya yi ta juyi a bushe zai ƙone. Ka ba rijiyar awa ɗaya ko biyu ta taru, ka riƙa ja kaɗan-kaɗan, da asuba ya fi. Yankinmu na Yauri dutse ne a ƙasa, ba kamar wajen Argungu da Birnin Kebbi mai yashi mai zurfi ba, don haka burtsatse da yawa daga tsagar dutse suke samun ruwa, a hankali yake tsattsafowa. Babban inji a irin wannan rijiya asara ce, ƙarami mai ja a hankali ya fi daɗewa, shi ya sa na sola ke dacewa da mu. A rataye sumo ƙasa da ƙullin bazara sosai, amma kada ya zauna a gindi inda yashi ke taruwa, a ɗaga shi mita biyu ko uku. A ɗaure shi da igiyar nailan mai ƙarfi, kada a bar nauyinsa a kan fayif da waya. In kana ganin yashi a gindin bokiti kullum, yana cin cikin injin da robar kan famfo, a ɗaga shi a gani.

Injin da ke zama a sama kuwa ba ya iya zuƙo ruwan da ya wuce zurfin mita bakwai zuwa takwas, komai ƙarfinsa. Wanda ya yi maka aiki lafiya a Oktoba ya ƙi a Afrilu, ba lalacewa ya yi ba, ruwan ne ya fi ƙarfin zuƙarsa. In kuma kullum sai ka ɗura masa ruwa kafin ya kama, bawul ɗin da ke can ƙarshen fayif cikin rijiya ne yashi ya hana rufewa, ko wata mahaɗa na shan iska. Wutar da ta zo a raunane, fitila na ja-ja, kada a kunna inji da ita. In ya yi gurnani bai tashi ba, a fara duba kafasita, 'yar na'urar da ke tayar da shi, a akwatinsa kafin a ce a ciro shi. A ɗora injin sama a kan dakali. Ranar da ruwa ya shigo tsakar gida, a kashe wuta daga babban makunni kafin kowa ya taka wajen.

Tanki mai lita 2000 in ya cika tan biyu ne, nauyin buhun siminti 40. Ƙasar fadama in ta jiƙa laushi take yi, ƙafa ɗaya ta nutse, sauran labarin sai a bakin maƙwabta. A zurfafa ƙafafun a zuba kankare mai faɗi, a shimfiɗa katako ko farantin ƙarfe ta yadda duk gindin tankin zai zauna, ba a kan sanduna uku ba. A shafa wa ƙarfen fenti mai hana tsatsa, musamman inda ya haɗu da ƙasa, a duba wurin duk shekara. A ɗaure tankin, domin guguwar farkon damina na ɗauke wanda ba ruwa a ciki. Gida mara bene tsayin mita huɗu ko biyar ya ishe shi, muddin an sauko da fayif inci ɗaya, a rage zuwa uku bisa huɗu, sai a bakin famfo a koma rabin inci. Wanda ya sauko da rabin inci tun daga sama, shawa ba za ta taɓa yi masa ƙarfi ba. Murfi ya rufu da kyau saboda ƙadangaru da jemagu da sauro. Tankin da haske ke ratsawa yana yin gansakuka.

Ranar Maris da Afrilu, da zafi ke haura digiri 40, tana gasa PVC ya yi fari ya bushe, akuya ta taka ya fashe. A binne shi ƙafa ɗaya da rabi zuwa biyu, wanda dole ya fito fili a shafa masa fenti. Inda ƙasa baƙar laka ce mai tsagewa da rani ta kumbura da damina, a shimfiɗa yashi a ƙasa da saman fayif, in ba haka ba motsin ƙasar zai zare mahaɗa. Gidan ƙasa kuma ban yarda a binne fayif cikin bango ba. Ɗigon da ba a gani zai jiƙa gindin katanga wata da watanni, ranar da aka yi ruwa mai ƙarfi ta kwanta, Allah ya kiyaye da mutane a ciki. A bi da shi ta waje inda ido ke gani, famfon tsakar gida kuma ya nisanci bango, a yi masa daɓe da hanyar ruwa.

Gane ɓoyayyen yoyo ba wuya. Bayan sallar isha'i a rufe duk famfo, a yi alama a tanki, a duba da asuba. In ya sauka, a bi layin a nemi inda ƙasa ke da danshi ko ciyawa ta yi kore ita kaɗai. Famfon da ke ɗiga sau ɗaya a daƙiƙa yana zubar da kusan jarka guda a yini, kuma sau da yawa 'yar roba ce ta cinye. Kowane gida ya kamata a samu bawul a gindin tanki da wani a ƙofar kowane banɗaki, uwargida da manyan yara su san inda suke. A ajiye gam, da farin tef na zare, da mahaɗan fayif, soket da elbo, biyu-biyu, da guntun fayif, da zarto. In fayif ya fashe, a rufe bawul, a yanke wurin daidai ba a karkace ba, a goge ya bushe sarai, a shafa gam ciki da waje, a tura a ɗan murɗa, a riƙe rabin minti, a ba shi awa biyu kafin a sake ruwa, in da hali ma ya kwana. Ɗaurin robar tayar mashin na kai ka gobe ne kawai. Gasa bakin fayif a wuta don ya shige ɗan'uwansa kuma yana raunana shi, a layin da ke da matsi nan zai fara tsagewa.

Shi dattijon nan, a ranar abin da na iya yi kaɗan ne. Na ce a rufe sabon banɗakin, a daina shan rijiyar sai an tafasa. Ya yi shiru, sannan ya ce ƙaramar jikarsa sau biyu ana kai ta asibiti a watan. Muka jira har Maris da ƙasa ta tsane. Muka cike tsohon ramin, muka gina tanki mai ɗaki biyu rabinsa a sama, muka ja fayif zuwa can bayan garke ta gangare, muka yi kwatar tsakuwa ƙafa talatin. Tazarar ba ta kai mita 30 cif ba, filin bai ba mu ba, don haka rijiyar ta zama ta wanki, na sha suna ɗebowa daga tuƙa-tuƙar unguwa. Banɗakin sai da muka ɗaga daɓensa matakala biyu kafin gangaren ya samu, abin da ya fi ci masa rai ke nan saboda gwiwarsa, muka kafa masa ƙarfen dafawa a bango. Da Satumba ta zagayo na bi ta ƙauyen zuwa wani aiki, na tsaya muka gaisa. Ruwan rijiyar ya sake tasowa har ƙullin farko, na buɗe camba na same ta a bushe.